Kafin Ka Sayi Kyamara, Ka Dubi Danginta

Ɗana,

Na ji ka tara ɗan abin da ka tara, kana son ka mallaki kyamara taka ta kanka, irin ƙananan nan marasa madubi da ake cire musu lensi a ɗaura wani. Na yi murna ƙwarai, domin yaron da ya danne zuciyarsa ya tara kuɗi saboda kayan aiki ya riga ya nuna inda ya dosa. Ka kuma nemi in faɗa maka wadda za ka saya. Sunan kyamara ba shi da wuyar faɗa, kowane mai shago zai jero maka goma kafin ka zauna. Amma in na ba ka suna kawai, sallamar ka na yi. Gara in nuna maka yadda ake zaɓe, don ko bayan wannan ta tsufa ka san yadda za ka zaɓi wata ba tare da ka nemi kowa ba.

Ka fara tambayar kanka kafin ka tambayi kasuwa. Me za ka ɗauka? A ina, da wane irin haske? Wa zai kalli hoton, a waya ko a bango? Mai ɗaukar kamu da yinin biki yana aiki ne da daddare ko cikin zauren taro mai fitilu kala-kala, ga mutane ba sa tsayawa wuri guda. Mai bin hawan sallah yana tsaye daga nesa cikin rana da ƙura, dawakai suna sukuwa. Mai ɗaukar atamfa da takalma da turare don talla a intanet yana cikin natsuwa, kayansa ba sa motsi, shi ke juya haske yadda ya ga dama. Mai yin bidiyo shi kaɗai yana magana da kyamara yana bukatar allon da zai juyo ya fuskance shi, da ramin da zai soka makirufo. Kowane ɗayansu da irin kyamarar da ta dace da shi. Ka sami takarda ka rubuta aiki biyu da za ka fi yi a shekara mai zuwa, ka sa ta a aljihu ranar da za ka kasuwa. Ita za ta tsare ka daga daɗin bakin mai sayarwa da kuma kwaɗayin idonka.

Yana da kyau ka san abin da aka cire har kyamarar ta ƙanƙance. A manyan kyamarorin da muka saba da su, akwai madubi a karkace tsakanin lensi da fim, daga baya kuma tsakanin lensi da sensa. Shi ke karɓar hasken da ya shigo ya tura shi sama zuwa maleƙar da kake kafa ido. Da ka danna, sai ya ɗaga, haske ya wuce, ya dawo mazauninsa. Wannan madubi yana cin wuri, shi ya sa a tsohon tsarin Canon tazarar da ke tsakanin gindin lensi da sensa ta kai milimita 44, a na Nikon kuwa 46.5. Da aka cire shi sai tazarar ta dawo 18 a Sony, 20 a sabon tsarin Canon, 16 a na Nikon. Daga nan kyamara ta rame, kuma abin da sensa take gani shi ake nuna maka kai tsaye. Panasonic ce ta fara fito da irinta a 2008, Olympus ta biyo a 2009, Sony a 2010, Fujifilm a 2012, kafin Canon da Nikon su juyo da ƙarfinsu gaba ɗaya a 2018. Amfanin wannan tarihi a gare ka shi ne abin ya daɗe har ya nuna, kuma na hannu masu lafiya sun cika kasuwa.

Ga maganar da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Sayen irin wannan kyamara kamar neman aure ne: ba yarinya kaɗai ake dubawa ba, har gidansu da danginta, domin da su za a yi zaman. Kowace kyamara tana da baki, zoben ƙarfen nan da lensi ke shiga a murɗa ya kama, kuma kusan kowane kamfani da irin bakinsa. Lensin Fujifilm ba ya hawa Sony, na Nikon ba ya hawa Canon. Ranar da ka biya kuɗin bodi, wato jikin kyamarar, ka zaɓi duk lensin da za ka iya saya nan da shekaru masu yawa, ka zaɓi irin batirin da za ka riƙa nema, ka zaɓi mutanen da za ka iya aron kaya a wurinsu. Bodi yana tsufa da wuri. Bayan shekara uku ko huɗu an fito da wanda ya fi shi, farashinsa ya faɗi. Lensi mai kyau kuwa, in ka kula da shi, zai ga bayan bodi uku yana aiki kamar ranar da aka saye shi.

Akwai gidajen da aka riga aka rufe, kuma ya kamata ka san su. Samsung ta yi kyamarori masu kyau da bakin NX, amma tun bayan 2015 ba ta ƙara fitar da wata ba. Nikon ta daina jerin da ta kira Nikon 1 a 2018. Canon ma tana da jerin EOS M, wanda a cikinsa M50 ta 2018 ta yi farin jini sosai wurin masu bidiyo, amma lensin da Canon ta ƙera wa wannan baki bai kai iri goma ba, ta kuma janye jerin a 2023. Lensin M ba ya hawa sabon bakin RF ko da adafta. Za ka tarar da waɗannan a kasuwa da arahar da za ta ja hankalinka. Hotonsu bai lalace ba don kamfani ya daina yin su, kuma in nan kuɗinka ya tsaya, ka san ba za ka wuce lensi ɗaya ko biyu ba, M50 za ta yi maka aiki. Amma in kana fatan girma a sana'ar, ka shiga inda za ka ƙara kaya a kan kaya, kada wata rana ka sayar da komai da asara ka soma daga farko.

Gidajen da ke raye kuwa, kowanne da halinsa. Bakin E na Sony ya fi na Canon da Nikon daɗewa, yana ɗaukar ƙaramar kyamara da babba duka, kuma kamfanoni irin su Sigma da Tamron da Viltrox sun yi masa lensi mai yawa mai sauƙin kuɗi. Bakin X na Fujifilm an gina shi ne kacokan a kan matsakaiciyar sensa, don haka lensinsa ya dace da jikin kyamarorinsa. Bakin Micro Four Thirds na tarayya ne tsakanin Panasonic da Olympus, wadda sashen kyamararta ya koma hannun wasu a 2021 ake kiransa OM System yanzu, kuma lensin wannan yana hawa kyamarar wancan. RF na Canon da Z na Nikon su ne ƙanana a shekaru, ƙananan lensinsu ba su kai na Sony yawa ba, sai dai suna ƙaruwa, tun da a 2024 Canon ta ba Sigma da Tamron izinin yi wa ƙananan kyamarorinta lensi. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai kunyata ka wajen kyan hoto. Abin da zai raba maka gardama yana cikin garinku. Ka zagaya wurin masu hoto biyar da ka sani ka ga abin da ke rataye a wuyansu. Ka tambayi mai gyara wace iri ya fi sani, kuma wace ce ake samun kayanta. Ranar da batirinka ya mutu ana tsakiyar biki, wanda ke kusa da kai mai irin kyamararka shi zai fisshe ka.

In kana da tsohon lensin Canon ko Nikon na gado, ko kana ganinsu da araha a wurin masu sayar da na hannu, wannan ma abin lura ne. Saboda tazarar nan da ta ragu, akwai wurin sa adafta a tsakani. Lensin EF na Canon yana aiki lafiya lau a kan kyamarar RF da adaftar kamfanin. Na Nikon ma haka da adaftar FTZ, sai dai tsofaffin da ba su da mota a cikinsu, waɗannan da hannu za ka riƙa saita su. Ka tuna dai adafta tana ƙara tsawo da nauyi, ƙanƙantar da ka biya kuɗi dominta ta ragu.

Wannan ya kawo mu maganar girman sensa, inda samari suka fi ruɗewa. Iri uku ne a gabanka. Babba, mai girman fim ɗin da muka yi aiki da shi, milimita 36 da 24. Matsakaiciya, wadda ake rubuta wa APS-C, kimanin 23.5 da 15.6. Ƙarama ta Micro Four Thirds, 17.3 da 13. Gaskiya ne babbar ta fi tara haske cikin duhu, ta fi narkar da bayan mutum. Amma babbar sensa babban lensi take nema, kuma nauyin kaya a lensi yake. Ƙananan kyamarorin da muke magana a kansu ba su cika wuce giram 350 zuwa 450 ba. Ɗaura wa ɗayansu lensin 70-200 f/2.8 wanda ya haura kilo guda, ka ga ko sauran ƙanƙanta. A ɗaya gefen, lensin Olympus 40-150 mai sauƙin kuɗi giram 190 ne kacal, kuma yana janyo nesa kamar yadda 300 ke yi a babbar sensa. Ga mai farawa da ke son kayan da zai yini da su a kafaɗa, matsakaiciya ta wadatar har ta yi saura, ƙaramar ma ba abin rainawa ba ce. Kyamarar da ta yi maka nauyi a gida za ka riƙa barinta, ka koma ɗauka da waya.

Kada yawan megafiksel ya ɗauke maka hankali. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba ka ɗigo 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. Hoton da zai cika takardar A4 tsaf ba ya bukatar ko megafiksel 9, wanda za a kalla a waya kuwa ko kusa da haka bai kai ba. Daga 20 zuwa 26 ya ishe ka har babban hoton da amarya za ta rataye a falo. Abin da ya haura wannan cika maka kati da kwamfuta zai yi. Ka mai da hankali kan yadda kyamarar ke kama fuska da ido, ta bi su in mutum yana tafiya. A nan sababbi suka fi tsofaffi nesa ba kusa ba, kuma a nan mai ɗaukar biki ke samun hoto ko ya rasa shi.

To, yaya za ka raba kuɗinka? Kada ka zuba shi duka a bodi ka dawo gida da lensin da aka haɗo da shi kawai. Wannan lensi na haɗi, ko 16-50 ne ko 15-45 ko 18-45 ko 14-42, yana da amfaninsa. Ba shi da nauyi, yana ɗaukar taro da gini da kasuwa da rana, kuma da shi za ka gane nisan da idonka ya fi so. Rauninsa shi ne duhu. In ka janyo shi ƙarshe, ƙofar haskensa takan tsuke zuwa f/5.6 ko f/6.3. Lensin da ba ya zum mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Ka kwatanta daren kamu: amarya na zaune an lulluɓe ta, fitila ɗaya ce mai ƙarfi a tsakar gida, ƙawaye suna kai da kawo. Da lensin haɗi, ko dai hoton ya fito da yashi-yashi, ko hannun da ya ɗaga mayafin ya zama hazo. Da f/1.8 za ka ga zanen lallen da ke yatsunta. Saboda haka ka sayi bodi mai ɗan rangwame, ka ƙara da lensi ɗaya irin wannan. A matsakaiciyar sensa, 30 ko 35 yana gani kusan yadda idon mutum ke gani, ya dace da komai. In hoton fuska ne sana'arka, 50 ko 56 ya fi. A ƙaramar sensa, 25 da 45 su ne makwafinsu. Lensin nesa ka bar shi sai aikinsa ya zo, in kuma hawa ɗaya ne a shekara, haya ta fi saye.

Wasu kyamarori suna da abin hana rawar hannu a jikin sensa, kamar Olympus E-M10 Mark IV, wasu kuma sai a lensi, kamar Sony a6400 da Canon R50 da Nikon Z50. Yana taimakon mai bidiyo da mai ɗaukar abin da ba ya motsi cikin duhu. Amma rawar hannunka kaɗai yake gyarawa, ba ya tsayar da yaron da ke gudu.

Yanzu bari mu dawo ƙasarmu, domin yawancin masu yabon kyamara a intanet ba a irin ranarmu suke aiki ba. Don a ƙara ƙanƙanta, an cire wa wasu kyamarori maleƙa, an bar allo kaɗai. Sony ZV-E10 da Nikon Z30 da Fujifilm X-M5 duk haka suke, kuma ga mai bidiyo a ɗaki babu laifi. Amma ka tsaya a filin idi da hantsi ka ɗaga allo, ba abin da za ka gani sai inuwar fuskarka. Ga dattijo a gabanka, baƙi, cikin farar babbar riga da farin rawani. Kyamara tana ganin farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuskar ta dushe. In ka ƙara da yawa kuma, aikin zaren da ke wuyan rigar ya wanke ya ɓace. Da maleƙa, kana kafa ido kana murza ɗan faifan ƙarin haske, kana ganin fuskar tana buɗewa sannu a hankali, ka tsaya daidai inda aikin rigar bai ƙone ba, sannan ka danna. Wannan ita ce babbar kyautar da kyamara marar madubi ta kawo wa mai ɗaukar baƙar fata, ka ga hotonka kafin ka ɗauke shi. In aikinka na waje ne, kada ka sayi wadda ba ta da maleƙa.

Sai ƙura. Tun da babu madubi, da ka cire lensi a yawancin ƙananan nan sensa ce a fili tana kallonka. Lokacin hunturu iska kanta gari ce. Ka koyi canza lensi tun a gida har hannunka ya saba: ka kashe kyamara, ka juya wa iska baya, ka kifa bakinta ƙasa, ka riga ka kwance murfin sabon lensin, ka cire ka ɗaura cikin numfashi biyu. A filin hawa kada ka canza ko kaɗan, ka zaɓi lensi ɗaya tun daga gida. Ka sayi robar hura iska, ba ta da tsada. Kada ka hura da baki, kada ka sa gefen riga ko auduga. In ɗigon ya ƙi fita, ka kai wa wanda ya iya. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba, tana sa furfura ta tsiro cikin gilashi. Kada ka ajiye kaya a rufaffiyar jaka ƙarƙashin gado. Ka sami roba mai murfi ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi, ka riƙa fito da kayan suna shan iska.

Zafi da wuta ma ka sa su a lissafi. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa kyamararsu tana aiki ne daga digiri 0 zuwa 40, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai watan Afrilu yakan haura haka. Ƙaramin jiki ba ya fitar da zafi da sauri, don haka doguwar ɗaukar 4K cikin rana takan sa kyamara ta kashe kanta. In wa'azi ko taro na awa biyu za ka riƙa ɗauka, ka gwada wannan kafin ka biya. Batir kuma, tun da sensa da allo a kunne suke koyaushe, ƙananan nan hoto 300 zuwa 400 aka ƙiyasta musu a caji ɗaya, alhali tsohuwar Nikon D3500 mai madubi an ƙiyasta mata sama da 1,500. Batir ɗaya ba zai kai ka ƙarshen biki ba. Ka nemi uku, da caja ta waje, ka kuma fifita kyamarar da ke karɓar caji ta USB, don ranar da aka ɗauke wuta fawa banki ya tsaya maka. Wutar Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. In kyamararka daga can ta zo, ka mai da bidiyonta kan 25 ko 50, in ba haka ba za ka ga hoto yana ƙifta-ƙifta a ƙarƙashin fitila.

Na hannu ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma shi ne hankali. Sony a6000 ta 2014 har yau tana ɗaukar hoton da za a biya ka kuɗi a kansa, duk da ba ta da 4K ba ta da ramin makirufo. Amma zuwa da kai ya fi aike. Ka tafi da katinka, da wanda ya fi ka sani in da hali, ka nemi wuri ka zauna, kada a gaggauta ka. Ka cire lensi ka karkata kyamarar ga haske ka dubi sensa, ko akwai ƙarzuwa. Ka mai da lensin, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16, ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗe hoton ka bi shi lungu-lungu. Ɗigon ƙura yana fita, layin da ya ratsa hoto ba ya fita. Ka haska fitilar waya ta cikin lensi ka duba ko akwai zare-zare kamar saƙar gizo. Ka murza kowane faifai, ka danna kowane maɓalli, ka buɗe ɗakin batir ka duba tsatsa ko farin gari, alamar ruwa ya taɓa shiga. Ka dubi kawunan ƙusoshi, in sun cinye an taɓa buɗe ta. Ka nemi sanin sau nawa labulen da ke gaban sensarta ya buɗe ya rufe, domin na ƙananan kyamarori kusan sau 100,000 aka fi yi musu ƙiyasi. Ka ɗauki bidiyo na minti goma ka ji zafin jikinta. Ka shiga jerin saituna ka tabbatar ana canza harshe, domin wasu da aka yi don kasuwar Japan Japananci kaɗai ke cikinsu. Daga ƙarshe ka karɓi rasit mai lambar kyamarar, ka nemi a ba ka kwanakin gwaji. Duk wanda ya hana ka dubawa, ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi. Wadda kuma arahar ta yi yawa babu kwali babu caja babu bayani, ka guje ta, kada ka gina sana'arka a kan hawayen wani.

In ka rage zaɓinka zuwa biyu ko uku, sai ka bar hannunka ya yi magana. Ka riƙe kowacce na ɗan lokaci. Ƙaramin yatsanka yana samun wurin zama? Kana kai wa faifan haske ba tare da ka cire ido daga maleƙa ba? In kana sa tabarau, kana ganin kusurwa huɗu? Ƙanƙanta tana da iyaka, in ta wuce hannunka ta zama wahala. Ka lura kuma yawancin ƙananan nan kati ɗaya suke ɗauka. Don haka ka sayi katin asali daga amintaccen wuri, domin na jabu sun yi yawa, kuma kada ka kwanta barci ranar aiki sai ka kwafe hotuna wuri biyu. Ba a sake ɗaurin aure don katin mai hoto ya lalace.

Kuɗin batir da kati da jaka da robar iska ka ware su tun farko, suna cikin farashin kyamara. Kada ka ci bashin da zai hana ka barci don ka riƙe irin ta wane. Daidai ruwa daidai tsaki. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma nagari shi ne wanda ya dace da aikinka da aljihunka, ko da an fito da sababbi biyu a bayansa.

In Allah ya sa ta zo hannunka, ka daina kallon bidiyon sababbin kyamarori na tsawon shekara guda. Ka karanta littafinta daga farko har ƙarshe. Ka ɗaura lensin nan ɗaya ka fita da shi kullum, da sassafe da la'asar, har ka san abin da zai shiga hoto tun kafin ka ɗaga ta. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, kuma saboda tsadar fim galibi sau ɗaya yake ɗaukar kowane mutum. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Ya san inda zai zaunar da mutum, da yadda zai gyara masa hannu da mayafi, da lokacin da fuska take sakewa. Mafi ƙanƙantar kyamarar da na ambata maka ta fi tasa sauƙin aiki nesa, saura kai ka koyi abin da ya koya.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Ƙaramar kyamara ba ta tsorata mutane, wasu ma ba ta ƙara ko kaɗan, za ka iya ɗaukar mutum bai sani ba. Wannan dama ce da za a tambaye ka a kanta. Ka yi sallama, ka nemi izini, in an ce a'a ka sauke ta da fara'a. In an shigar da kai cikin gida wurin mata, an ba ka amanar mutuncin gidan ne. Hoton matar wani ko 'yar wani ba ya hawa shafinka don talla sai da yardarsu. Kada ka ɗauki mabukaci cikin halin da kai ba za ka so a gan ka ba. In ka yi alkawarin kawo aiki ranar Laraba, ka kawo ranar Laraba. Mutane suna manta sunan kyamarar mai hoto, amma suna gaya wa juna wanda ya riƙe amana, kuma shi ake kira biki na gaba.

Ka yi shawara, ka yi istihara, sannan ka saya da zuciya ɗaya. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri, ya sa albarka a cikin sana'arka, ya ciyar da kai halal ta hanyarta, ya tsare idonka da hannunka daga abin da zai cuci wani. Amin.